Sharhi: Littafi ya shiga waya, amma wa zai karanta wa ɗalibi makaho hoton da ke ciki?

A unguwar Mayo Gwoi da ke Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, littafin karatu ya fara sauya kama. Abin da a da ake saye a kanti ko a ara wurin aboki, yanzu sau da yawa ta WhatsApp yake zuwa: malami ya tura, ɗalibai su sauke a waya, mai hali ya kai shagon kwamfuta a buga masa. Ga mai gani wannan sauƙi ne. Ga ɗalibi makaho kuwa, kamata ya yi sauƙin ya fi haka, domin yawancin wayoyin Android suna zuwa da TalkBack, manhajar da ke karanta abin da ke fuskar waya da murya, ita ma kwamfuta ana iya saka mata irinta mai suna NVDA ba tare da biyan ko kwabo ba.

To amma a ɗauka wata ɗaliba ce a wannan unguwa, 'yar aji biyu na babbar sakandare, wadda ba ta gani, tana sauraron babin labarin ƙasa da ke bayani a kan jiharta. Murya na tafiya tiryan-tiryan har zuwa inda marubucin ya ce a dubi taswirar da ke ƙasa a amsa tambayoyi biyar. Nan sai muryar ta ce “hoto” ta wuce, ko ta karanto wasu lambobi da haruffa marasa ma'ana, wato sunan da na'ura ta raɗa wa hoton. Idan kuwa littafin baki ɗayansa hoton shafuka ne aka ɗauka aka haɗa a PDF, kamar yadda aka saba yi, to babu abin da za ta ji tun daga bangon farko. Alhali taswirar nan ita ce darasin, kuma daga cikinta tambayoyin za su fito.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ga wannan ɗaliba, ji ne zai tsaya a madadin gani, kuma ba zai iya tsayawa ba sai wani ya zauna ya rubuta abin da hoton ke nunawa, sannan a ɗaure rubutun da hoton ta hanyar da na'ura za ta gane. Yadda za a yi wannan ɗauri shi ne abin da masu tsara ƙa'idojin intanet da na littattafan kwamfuta suka shafe fiye da shekara 25 suna kai-kawo a kansa. Magana ce mai kama da ta injiniyoyi kaɗai, amma lokaci ya kawo ta bakin ƙofar ma'aikatun ilimi na Najeriya.

Abubuwa ne suka haɗu a lokaci guda. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabon tsarin karatu na firamare da sakandare, abin da ke nufin za a sake rubuta littattafai masu yawa. A shekarar ce kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana aniyar mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. A Taraba, Gwamna Agbu Kefas ya ayyana ilimi kyauta a makarantun firamare da sakandare na gwamnati tun 2023, wanda ya ƙara ɗora wa gwamnati nauyin kayan karatu. Littattafan da za a rubuta a kuma saya a 'yan shekarun nan su ne za su daɗe a hannun yara, da kyansu da aibinsu.

Yawan mutanen da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 1.13 masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma shiyyar Arewa maso Gabas, inda Taraba take, ita ce kan gaba da kashi 6.1 cikin 100, yayin da Kudu maso Yamma ke da kashi 2.8. Alƙaluman sun tsufa, kuma na manya ne, amma sun nuna inda nauyin ya fi karkata. Taraba ta daɗe da sanin cutar makantar kogi a yankunan Bali da Gashaka, inda aka yi shekaru ana rabon maganinta. Bayan makafi, akwai masu raunin gani, ciki har da zabiya da yawa, da kuma masu larurar da ke hana su riƙe littafi ko bin layin rubutu da ido. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta sha nanata cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ne ke samuwa a sigar da makaho zai iya karantawa, a ƙasashe masu tasowa kuwa bai kai kashi 1 ba.

Ta fuskar doka, Najeriya ta yi abin a yaba. An ƙulla Yarjejeniyar Marakesh a ƙasar Maroko a ranar 27 ga Yuni, 2013, domin ba da damar mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su karanta ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba. Najeriya ta miƙa takardar amincewarta a watan Oktoba na 2017. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta tanadar musu ilimi kyauta har zuwa sakandare. Sai kuma sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma sashe na 26 nata ya shigar da tanadin Marakesh cikin dokar ƙasa.

Sai dai a lura da abin da wannan sashe ya yi. Izini ya bayar: makaranta ko ƙungiyar makafi tana iya ɗaukar littafin da aka riga aka buga ta gyara shi. Gyaran na nan a wuyanta. Za ta ɗauki hoton kowane shafi, ta sa na'ura ta mayar da shi rubutu, ta bi layi-layi tana cire kurakurai, sannan ta zo kan hotuna, inda aikin ya fi cin lokaci, domin dole a samo wanda ya san darasin. Cibiyoyi irin su makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1953, da masu buga littattafan rubutun makafi a Legas, sun daɗe a kan wannan hidima, amma hannuwansu ba za su taɓa cim ma yawan abin da maɗaba'u ke fitarwa ba. Kafin a gama littafi ɗaya, zangon karatu ya wuce.

Tarayyar Turai ta bi ta wata hanyar. Dokarta ta 2019, wadda ta fara aiki a ranar 28 ga Yuni, 2025, ta ɗora nauyin a kan mai sayarwa: littafin kwamfuta da za a kai kasuwarsu dole ya fito tun daga maɗaba'a a shirye domin kowa, in ban da ƙananan kamfanoni da aka ɗauke wa. Wannan ne ya sa manyan kamfanonin ɗab'i suka koma suna tambayar da a da makafi kaɗai ke yi: ina za a ajiye bayanin hoto, kuma ta yaya mai karatu zai isa gare shi?

Bayanin hoto iri biyu ne. Akwai gajere, jimla ɗaya ko biyu da ake ɓoyewa a bayan hoton, manhajar murya ta karanto ta idan ta iso wurin. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar, sun wajabta shi ga duk hoton da ke ɗauke da ma'ana, suka kuma ce hoton ado zalla a bar shi shiru, kada a cika wa mai sauraro kunne. Gajeren bayani ya ishi hoton shugaban ƙasa ko na buhun masara. Bai ishi taswira ba.

A koma kan taswirar Taraba. Gajeren bayani zai ce taswirar jihar ce da ƙananan hukumominta 16 da manyan kogunanta. Wanda zai amsa tambaya kuwa yana buƙatar ya ji cewa Bauchi da Gombe suna arewa, Adamawa tana arewa maso gabas, Kamaru ta kewaye gabas da kudu, Filato da Nasarawa da Binuwai suna yamma. Cewa Kogin Binuwai ya shigo daga wajen Adamawa ya ratsa arewacin jihar ya nufi kudu maso yamma ta Lau da Ibi. Cewa kogunan Taraba da Donga sun gangaro daga tsaunukan kudu maso gabas sun zuba a cikinsa. Cewa tudun Mambila yana Ƙaramar Hukumar Sardauna, kuma Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, yana kan iyakar Kamaru. Wannan bayani yana buƙatar kanun magana da jeri, wani lokaci har da jadawali, domin ɗaliba ta iya tsallakawa zuwa koguna, ta koma kan iyakoki, ta sake sauraron layi ɗaya sau uku. Shi ake kira dogon bayani, kuma a nan gizo ke saƙar.

Yunƙurin farko ya zo a 1997, lokacin da aka saka wata alama mai suna longdesc a cikin harshen rubuta shafukan intanet. Aikinta ta nuna adireshin da dogon bayani yake. Tunanin mai kyau ne, amma da yake masu gani ba sa ganinta, masu tsara shafuka sun riƙa cika ta da abin da ba shi ba, ko su bar ta tana nuna wurin da babu komai, ba kuma wanda ya lura. Wasu manhajojin ba su taɓa aiki da ita ba. An cire ta, aka dawo da ita a 2015 bayan doguwar muhawara, amma a yau ana ɗaukarta a matsayin abin da aka daina yayi.

Hanya ta biyu, mai suna aria-describedby, tana ɗaure hoton da wani rubutu da ke cikin shafin. Aibinta shi ne tana narkar da rubutun ya zama zare ɗaya: jadawalin ruwan saman Jalingo na wata 12 zai fito a matsayin sunayen watanni da lambobi a jere, a numfashi guda, ba tare da mai sauraro ya san wace lamba ce ta Agusta ba. Domin gyara wannan ne aka fito da aria-details a 2017, wadda ke sanar da mai karatu cewa akwai bayani mai tsari a wuri kaza, ya je ya karanta shi kamar kowane sashe na littafin. Matsalarta kuma ita ce manhajojin karatu ba su yi daidai wajen gane ta ba. Wata ta sanar, wata ta yi shiru.

Abin da aka fi natsuwa da shi a yanzu, wanda ƙungiyar DAISY mai hidimar littattafan makafi tun 1996 take koyarwa, ya fi duk waɗannan sauƙin fahimta. A ajiye dogon bayani a fili. Ko dai a sa shi a ƙarƙashin hoton cikin akwatin da ake buɗewa a rufe, ko a kai shi wani shafi na daban a cikin littafin, a sa mahaɗi da kowa ke gani dab da hoton, a kuma ɗaura alamar aria-details a kai domin manhajar da ta iya. Akwatin yakan ba da matsala a manhajojin da ke yanka littafi shafi-shafi, shi ya sa da yawa suka fi son mahaɗin. Sannan akwai sharaɗin da ake yawan mantawa: a ƙarshen bayanin dole a sa mahaɗin komowa, wanda zai mayar da mai karatu daidai inda ya baro. Mai gani yana iya jujjuya shafuka ya gano wurinsa cikin daƙiƙa biyu. Wanda aka kai shafi na 300 aka bar shi can, sai ya sake lalube daga farkon babi.

Darasin da aka koya daga longdesc ke nan: abin da aka ɓoye wa masu gani, ba mai gyara shi idan ya lalace. Bayanin da ke fili kuwa edita zai gan shi, malami zai gan shi, har ɗalibi mai gani da zanen ya rikita zai amfana da shi.

Duk wannan yana tafiya ne a kan EPUB, sigar littafin kwamfuta da rubutunta ke miƙewa ya dace da kowace waya, a ƙara masa girma ko a saurare shi. A watan Mayu na 2023 W3C ta tabbatar da EPUB 3.3 tare da ƙa'idar da ke fayyace yadda littafi zai zama na kowa. Wani tanadi na ƙa'idar ya shafi mai saye kai tsaye: littafin zai ɗauki bayanan kansa, ya faɗi ko hotunansa na da gajeren bayani, ko suna da dogo, tun kafin a biya kuɗinsa. Kayan aikin ma ba na kuɗi ba ne. DAISY tana ba da WordToEPUB mai mayar da rubutun Word zuwa EPUB, da Ace mai binciken kurakurai, akwai kuma manhajar karatu ta Thorium, duka kyauta.

Amma Ace iyakarta ta ce hoto kaza ba shi da bayani. Ba za ta iya cewa bayanin da aka rubuta gaskiya ne ko shirme ba. Wannan aikin mutum ne, kuma wanda ya fi cancanta da shi shi ne marubucin littafin, domin shi ya san dalilin da ya sa ya saka hoton. Zanen zuciya a littafin aji huɗu na firamare da zanen zuciya a littafin ɗalibin aikin jinya ba bayani ɗaya suke buƙata ba, ko da hoton iri ɗaya ne. A jarrabawa abin ya fi tsauri: bayanin dole ya ba ɗalibi duk abin da idon abokinsa ke gani, ba tare da ya faɗa masa amsar ba. Idan tambaya ta ce wane wata ne ruwa ya fi yawa, bayanin zai jero alƙaluman watanni ne, ya bar ɗalibi ya gano da kansa. Hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman tun 2017 ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi irin su Kano da Jos da Yola; duk hukumar da za ta koma kwamfuta da tambayoyi masu zane, wannan tambaya tana jiranta.

Wasu na ganin manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun riga sun kashe maganar, tunda a yau waya na iya duban hoto ta faɗi abin da ke ciki. Gaskiya ne sun taimaka wa makafi ƙwarai a harkokin yau da kullum, kuma suna iya rage wa mai rubuta bayani rabin aiki. Sai dai sukan yi kuskure a kan lambobi da sunayen wurare, su kuma faɗi kuskuren da cikakkiyar murya, ɗalibar da ba ta ganin taswirar kuwa ba ta da hanyar gane cewa an sauya mata Donga da Taraba. Daftarin na'ura yana buƙatar idon malami kafin ya shiga littafi. Haka kuma bayani, komai kyansa, ba ya maye gurbin zane mai tudu da yaro zai shafa da yatsa, musamman wanda aka haifa ba ya gani, wanda sai ya taɓa alwatika zai san mene ne kusurwa.

Littattafan Hausa suna da tasu ƙarin matsalar. An daɗe ana buga su da tsofaffin salon haruffa da ke aron wata alama a allon kwamfuta su nuna ta a matsayin ƙ ko ɗ ko ɓ. A ido daidai ne, amma a ƙarƙashi wata alama ce dabam, ita kuma manhajar murya za ta karanto. Sannan idan ba a yi wa littafi alamar harshensa ba, na'ura za ta ɗauka Turanci ne ta furta shi da lafazin Ingila. Kamfanonin ɗab'i na Zariya da Kano da ke son mayar da tsofaffin littattafansu kan waya, nan ya kamata su fara, tun kafin a zo kan hotuna. Haka abin yake ga Fulatanci, wanda shi ma yake da haruffa masu lanƙwasa, da sauran harsunan Taraba.

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurara. A garin da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, inda iyalai da yawa waya ɗaya suke da ita, wani zai ce ana maganar miya alhali ba a samu tuwo ba. Amsar ita ce bayanin hoto ba na waya kaɗai ba ne. Daga fayil ɗaya da aka tsara da kyau ake fitar da littafin rubutun makafi, da mai manyan haruffa, da na saurare. Ma'aikacin da ke buga rubutun makafi, idan ya iso kan taswira, ko dai ya tarar da bayanin marubuci ya buga, ko ya ƙirƙiro nasa, ko ya tsallake. An fi yin na ƙarshen.

Shi ya sa wurin da ya fi dacewa a kama wannan lamari shi ne teburin mai saye. Kasuwar littattafan makaranta a Najeriya hukumomi ne ke juya ta: NERDC ke tsara abin da za a koyar tana kuma tantance littattafai, UBEC da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi ke sayen na firamare da ƙaramar sakandare, TETFund ke ɗaukar nauyin buga littattafan manyan makarantu, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke ba da lambar ISBN yana kuma karɓar kwafin abin da aka buga. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya buƙatar sabuwar doka kafin ya ƙara sharaɗi a takardar kwangilarsa: duk littafin da za a saya da kuɗin jama'a ya zo da kwafin EPUB, kowane hoto mai ma'ana da gajeren bayani, kowace taswira da jadawali da zanen kimiyya da dogon bayani mai mahaɗin zuwa da na komowa. Kamfanin da ke neman kwangilar dubban kwafe ba zai ƙi ba, kuma kuɗin rubuta bayanin a lokacin da marubuci da edita ke kan aikin bai kai na dawowa daga baya a gyara ba. Jiha ɗaya ma tana iya farawa. Ma'aikatar Ilimi ta Taraba da Jami'ar Jihar da ke Jalingo suna da malaman da za su iya rubuta bayanin, kuma reshen Ƙungiyar Makafi ta Najeriya yana da waɗanda za su gwada shi.

Gwajin kansa ba ya buƙatar kwamiti. Jami'in da zai sa hannu a karɓi littafi ya kira ɗalibi makaho, a buɗe babin da ke da taswira a waya, a kunna murya. Ɗalibin ya iso kan hoton, ya bi mahaɗin, ya saurari bayanin, ya amsa tambayoyi biyar ɗin da ke ƙasa, sannan ya danna komowa. Idan ya sami kansa a sakin layin da ya baro, a biya ɗan kwangila. Idan ya ɓace, a mayar masa da littafinsa ya gyaro.